Sanyin Madina da Talotalon Gonar Ƙuba

Mun shiga Madina bayan an gama aikin Hajji, ni da mai gidana Malam Tukur, Allah ya jiƙansa. Kayanmu akwatin ƙarfe ɗaya ne da ƙunshin tabarma. A cikin akwatin babu bargo, babu rigar sanyi ko guda. Alhazan da suka yi mana nasiha a Kazaure duk a kan zafi suka yi ta: ku riƙe lema, ku yawaita shan ruwa, kada ku taka dutse ba takalmi. Ba ƙarya suka yi ba. A waɗancan shekarun Hajji cikin zafi yake faɗowa, su kuma makonni kaɗan suke yi su koma gida. Mu da muka zo da niyyar zama, ba wanda ya gaya mana garin yana da wata fuskar.

Zangonmu na farko unguwar Sultana ce, a wani ɗaki bayan shagon masu walda. Tun safe ƙarfe ke kuka har magariba. Malam yana fita dako, ni ina zaune ina sauraron harshen da ban iya ba. Wani mutumin ƙasarmu ya karɓi takardunmu ya ce zai samo wa Malam aikin gadi. Wata guda muka yi muna binsa kafin mu karɓo abinmu, aikin kuwa ko ƙyallinsa ba mu gani ba.

A nan na san Iya Kaltume, wata dattijuwa mutumiyar Cadi da ke toya ƙosai a bakin wani gidan gurasa. Ta daɗe a Madina har Hausarta ta zama rabi Larabci. Ranar da ta fara leƙo ɗakinmu ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Ke Hure, ina bargonku?"

Na yi dariya, gumi na bin wuyana. Na ce, "Iya, bargo a wannan gari? Sai dai in dafa mu za a yi."

"Tayyib," ta ce. "Shita na zuwa. Za ki neme ni."

Shita shi ne sunan lokacin sanyi a bakinsu. Na ɗauka tsoratarwa ce irin ta tsofaffi.

Ita ce ta samo wa Malam aiki a wata gonar dabino a Ƙuba, muka koma can. Tsohuwar gona ce mai katangar laka wadda ta zube a wurare. A tsakiyarta akwai rijiya da injin ban ruwa, da kwarmin siminti inda ruwa ke taruwa kafin a sake shi cikin lambatu. Mai gonar a Jidda yake aiki, sai jefi-jefi yake zuwa, amma shi ya yi mana igama, takardar zama, da sunansa. Mahaifiyarsa ce ke zaune a gidan da ke bakin gonar, tsohuwa mai nauyin ji, kowa Sitti yake ce mata. Mai kula da komai kuwa Wakili Yaƙubu ne, Bahaushen Sudan, wanda makullin sito ba ya barin ƙugunsa. Aka ba mu ɗakin laka ɗaya a can ƙarshen gonar.

A gonar akwai talotalo, amma ba irin wanda na sani a gida ba. Marigayi mahaifin mai gonar ne ya kawo kakanninsu. Da ya rasu akurkin ya rushe, ba wanda ya gyara, suka koma 'yan daji. Ba sa shiga ɗaki, ba sa yarda mutum ya matso su. Suna tashi sama kamar zabi, su kwana a kan wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar zare da ke jikin katangar arewa. Mai gonar ba ya yanka su, ba ya sayarwa. Abin mahaifinsa ne, yana son in ya zo ya ji kukansu.

Aikin Malam ban ruwa ne, sai sa ido a kan tsuntsayen. Wakili ya ce masa, "Ba ruwanka da ba su komai. Allah ke ciyar da su." Ba mu ga aibin maganar ba, don mu ma a gida haka muke kiwo. A watsa ɗan tsaba da safe, a buɗe akurki, kowa ya je ya nemi na bakinsa. Kuma a lokacin gonar cike take da fara da ƙwari da dabinon da ya zubo. Tsuntsayen har sheƙi suke yi.

Sai shita ta zo.

Ba irin ɗarin gida ba ne wanda rana ke kora da hantsi. Iska ce ke saukowa daga arewa, ta bi ta kan baƙaƙen duwatsu, ta shiga mutum har ɓargo. Ruwan kwarmi in ka sa hannu sai ka ji kamar an sare ka. A cikin wannan ruwan Malam yake tsayawa kullum da fitowar rana, ba takalmi, yana buɗe lambatu yana toshewa da fartanya. Sitti ta aiko mana da bargo ɗaya, Allah ya saka mata. Abincinmu na yamma gurasa ɗai-ɗai ne da shayi, wata rana da ɗan wake.

Na lura in Malam ya idar da La'asar yakan sa gurasa ɗaya a aljihu ya nufi katangar arewa. In ya dawo na tambaye shi, sai ya ce ya ci a hanya. Wata rana na bi shi. Na same shi a tsugune yana gutsuttsura ta yana jefa wa talotalo, su kuma suna tsaye nesa suna miƙo wuya.

Na ce, "Malam, kai kana kwana da ruwan shayi, tsuntsu yana cin gurasarka?"

Ya yi murmushi. "Amana ce, Hure. Ni ina da bargo, su ba su da shi."

"To ka gaya wa Wakili mana. Ga buhunan sha'ir can ana shigarwa sito."

"Mu baƙi ne. Kada mu fara da ƙorafi."

Haka yake. Bai taɓa ɗaga murya ga kowa ba.

Tari ya fara, sai zazzaɓi, sai ciwon haƙarƙari. Ranar da nake shafa masa man zafi a ƙirji na ji ƙasusuwansa a ƙarƙashin tafina ɗaya bayan ɗaya. Babbar riga ce ta ɓoye mini. Ni da nake zuba masa abinci, ban san ya ƙare haka ba. Aka kai shi asibiti, ya kwana uku, rana ta huɗu da hantsi ya cika. Aka yi masa salla a Harami, aka binne shi a Baƙi'a. Mata ba sa shiga, a bakin katanga na tsaya. Ajali ne, na sani, ban taɓa jayayya da wannan ba.

A ɗakin lakan nan na yi takaba. Sitti tana aiko mini da abinci, wani lokaci ta zo da kanta da sanda ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta jin Hausa, ni Larabcina bai wuce na gaisuwa ba, sai mu yi shiru tare har ta tashi. Ina fita takaba kaset ya iso daga gida, wani ɗalibi ya kawo. Muryar yayana Sule ce. Ya yi ta'aziyya, ya gaya mini wanda ya haihu da wanda ya rasu, a bayansa ina jin kukan akuyarmu da muryar innata tana kiran wani. Na mayar da wurin baya ya fi sau goma don in ji muryarta. A ƙarshe ya ce in tattara in dawo, mace ba ta zama ita kaɗai a ƙasar mutane.

A rediyon Iya Kaltume mai kaset na ɗauki amsa. Na ce, "Yaya, na ji, na gode. Tare muka fito da shi. Yana nan kwance, ni ma ina nan. Ku yi mini addu'a."

Amma zama ba a bakina yake ba. Igamata ta rataya ne a kan aikin Malam, kuma za ta ƙare bayan shita mai zuwa. Wakili yana da suruki da ya iso daga Sudan, ya ba shi ban ruwa, yana kuma so ya ba shi ɗakin. Sitti ce ta tsaya mini. Da mai gonar ya zo hutu, aka yanke magana: in ci gaba da zama a ɗakin, in kula da talotalo. An ƙirga su daga nesa suna hawa itace, ashirin da shida. In shita ta wuce suna nan lafiya, zai sabunta mini igama. In sun lalace, ba ni da amfani a gonar, sai jirgi.

Wakili ne ya fassara mini, yana murmushi. Ya ƙara da nasa: "Hajiya Hure, gida ya fi miki. Ni shawara nake ba ki irin ta ɗan'uwa."

Na ce, "Na gode, Wakili. Ina da yaya a Kazaure, shi ma ya ba ni irinta."

Da zafi ba su nemi komai a wurina ba. Ruwa kawai nake zuba musu a gindin katanga. Da iskar arewa ta dawo, na fara ganin canji. Fara ta ɓace. An gama girbin dabino, ƙasa ta zama fayau. Rana ta gajarce. Tsuntsayen da suke sauka tun gari bai gama wayewa ba, yanzu sai su zauna a reshe sun kumbura gashi, sun cusa kai a kafaɗa, har sai rana ta taɓa su. In sun sauko ba sa nisa. Su ɗan tona ƙasa, su koma jikin katanga su lafe. Da yake gashinsu a kumbure yake, in ka hango su sai ka ce ƙiba suka yi.

Wata safiya na tarar da biyu a gindin itace, sun sandare.

Kafin in gama dubawa Wakili ya iso, hannuwansa cikin aljihun kwat. Ya taɓa ɗaya da takalmi.

"La haula. An fara ke nan. Na gaya wa Sitti, wata ƙafar in ta shiga wuri sai a hankali. Bara mutum, bana tsuntsaye."

Na ce, "Farar ƙafa gare ni, Wakili?"

"Ni ban ce ba. Wallahi ban ce ba. Mutane ne ke magana."

"Waɗanne mutane? Mu huɗu ne a gonar nan, ɗaya ba ta ji."

Na shiga ɗaki na ɗauko wuƙa. Da ya ga na tsuguna ya ja da baya.

"Ke, mushe ne fa."

"Ba ci zan yi ba. Gani zan yi."

Na fige kaji da zabi a gidanmu ba iyaka, na san cikin mai ciwo. Wannan hantarta lafiya, hanjinta lafiya, ba tsutsa, ba ƙurji. Jakar da abinci ke taruwa a gindin wuya babu ko ƙwaya. Kitse, ko na shafa wa yatsa babu. Ƙashin ƙirjin ya fito kamar bakin wuƙa, tsokar gefe da gefe ta zube. Na sa tafina a kai. Hannuna ya san wannan ƙirjin, ya taɓa taɓa irinsa.

Ban yi karatu mai zurfi ba, allo ne sai ajin yaƙi da jahilci. Amma a tsugune a wurin na gane abin da ba wanda ya koya mini. Jikin mai rai murhu ne. In sanyi ya tsananta, wutar sai ta ƙara ci kafin jiki ya yi ɗumi, itacen da ke kai mutum kwana biyu da zafi ba ya kai shi kwana ɗaya. In ba a ƙara itace ba, wutar ba ta mutuwa nan da nan, jikin take komawa ci: ta cinye kitse, ta shiga tsoka. Lokacin da tsuntsun nan ya fi bukatar abinci, lokacin ne gonar ta fi rashinsa. Ba ciwo ba ne, ba ƙafar kowa ba ce. Yunwa ce ta sa rigar gashi.

Na ce wa Wakili ina son sha'ir, mudu ɗaya a rana. Ya ce sha'ir na awaki ne. Na wuce gidan Sitti da mushen a cikin kwano, na nuna mata ƙashin ƙirji, na nuna baki, na nuna sito. Ta ruɗe, ta sa aka kira Wakili ya fassara. Na yi magana mai tsawo, shi ya faɗi tasa gajeriya a kunnenta. Sai na ga ta dafa kaina tana mini addu'a, ta sa aka kawo mini shayi. Daga baya na ji abin da ya gaya mata: wai baƙin cikin mijina ya taɓa ni, ina yawo da mushe.

Ranar na shiga motar Sultana.

Iya Kaltume na ganina ta ce, "Ban ce za ki neme ni ba?" Na zauna kusa da kaskonta ina jin ɗumin wuta, na gaya mata komai. Ta yi ta juya ƙosai, sannan ta nuna mini katangar da ke gabanmu da matsami.

"Me kika gani a kai?"

"Gutsattsarin gurasa."

"Mutanen garin nan ba sa haɗa gurasa da shara. Ni'ima ce. Wanda ya tsinta a ƙasa sai ya ɗora a katanga ko a taga. Wanda ya rage a gida sai ya ƙulle daban ya rataye a ƙofa, mai dabba ya ɗauka. Daga nan zuwa ƙarshen layi buhu ne. Kina jin kunya?"

Na ce, "Kunya ta tafi da wanda ya tafi."

Ta yi magana da mai gidan gurasar, ya ce duk wadda ta kwana ta bushe in zo in kwasa. Wani mahauci a layin ya ce ragowar kitsen da yake yarwa ya ba ni. Surukin Iya direba ne mai zuwa Khaibar, garin dabino, ya kawo mini buhun busasshen dabinon da mutum ba ya ci, da buhun ƙwallon dabino. Iya ta ce mutanen can suna jiƙa ƙwallon kwanaki su daka wa dabbobi. Sai ta shiga ɗaki ta jawo turminta da taɓarya, waɗanda ta zo da su tun daga ƙasarsu.

"Aro na ba ki, ba kyauta ba. In kika fasa mini shi, ke da Wakili duk jirgi ɗaya."

Sau biyu a mako nake zuwa Sultana. Ina bin katanga da buhu, mata a taga suna kallona, wani mai shago yana kirana Takruniyar gurasa, don Takruni suke ce wa mutanen ƙasashenmu. Ban taɓa waiwayawa ba. In na dawo in jiƙa gurasa, in daka dabino da jiƙaƙƙen ƙwallo, in narka kitse in zuba, in cuɗa.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na ba su da safe, yadda uwata ta koya mini, yadda kowace mace take yi a garinmu. Gari na wayewa in watsa. Su sauko a makare su ci, su yi ta kai da kawo yini guda, kafin magariba cikin ya zazzage, su hau itace fayau su fuskanci iska har wayewar gari. Mako guda ina haka. Sai aka yi wata iska ta kwana biyu wadda ta daskarar da ruwan da na bari a kwano. Na sake tsintar biyu.

Na zauna a gindin itacen da su a gabana. Saura ashirin da biyu. Na yi abin da na ga ya dace, kuma ga shi. Ina nan zaune har aka kira Azahar, har aka kira La'asar daga masallacin Ƙuba. Da na ji kiran, sai na ga Malam a idona yana naɗe sallaya, yana sa gurasa a aljihu. Ba da safe yake zuwa ba. Ko sau ɗaya bai je da safe ba. Shi da yake tsayawa cikin ruwa ya san lokacin da sanyi ke karɓar nasa, ya san mai kwana a reshe da cikinsa zai hau. Ya sani, bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba, faɗa kawai na yi masa.

Tun daga ranar na juya aikin. Ina idar da Azahar in fara daka. Ina idar da La'asar in zuba, kaso mafi yawa a lokacin, ɗan kaɗan da hantsi. Na kuma dawo da wurin cin bayan ɗakina, inda katanga ta tare iska, rana kuma ta yini tana dukan laka. Ranar da iska ta fi ƙarfi in ƙara kitse. Cikin kwanaki suka gane muryar turmi. Da na fara lugude sai in ga kawuna suna leƙowa ta tsakanin dabino. Wata mace mai ɗingishi ita ta fara yarda ta ci a kwanon da ke hannuna. Kullum in ta sunkuya sai in lallaɓa in taɓa ƙirjinta. Da farko wuƙa, daga baya wuƙar ta fara dakushewa.

Ni ma na canza. Da yamma nakan zauna in ci abinci har in ƙoshi, da gangan, ko ba na so. In sa kitse a miya. Na ce gonar nan ta ci mutum ɗaya daga gidanmu, ba za ta ci na biyu ba.

Wakili ya zo wata rana ina tsakiyar daka, tafin hannuna duk ya tsattsage.

"Hajiya Hure, wannan dakan ya isa. Kina hana Sitti barcin rana."

Ban ajiye taɓarya ba. Na ce, "Sitti da ba ta jin kiran salla sai an taɓa ta, turmina za ta ji?"

"Ni ne wakili a nan."

"Wakilin sito ne kai. Turmin na Iya Kaltume ne, gurasar ta katanga ce, hannun nawa ne. Wanne za ka kulle?"

Ya tsaya yana kallona, ya yi wata magana da Larabci wadda na gode wa Allah ban gane ba, ya tafi.

Dabino ya fara fitar da fure, iska ta sassauta, mai gonar ya zo. Sitti ta gaya mini ranar tun da wuri da yatsunta, na aika aka kira Iya Kaltume. Ta bar kaskonta ta zo, ta sha lulluɓi kamar mai zuwa biki.

Bayan Azahar suka shigo, mai gonar a gaba, Wakili a gefensa yana magana yana nuna itatuwa, surukin Wakili a baya. Sun zaga gonar kafin su iso wurina, kuma tsuntsayen da suka ga maza sun watse cikin dabino. Iya ta raɗa mini abin da Wakili ke cewa: sun ƙare, ciwo ya shige su, uku ko huɗu suka rage, su ma ga su can suna gudu.

Mai gonar ya dube ni ya yi tambaya. Wakili ya buɗe baki zai fassara.

Na ce, "Yau ba kai za ka yi mini tafinta ba. Iya, gaya masa ya zauna a kan dakalin nan. Maza su daina motsi."

Iya ta faɗa. Ya ɗaga gira, amma ya zauna. Sitti ma ta taho da sandarta aka ba ta kujera.

Na zuba dabino a turmi na ɗaga taɓarya. Na daka kamar kullum, ban yi sauri ba. Aka ɗan jima ba abin da ya motsa, na ji Wakili ya yi gyaran murya. Sai mai ɗingishi ta fito daga bayan kwarmi. Sai biyu daga cikin ciyawa. Sai na ji fuka-fukai daga katangar arewa, suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na amsawa. Babban toron ya zo a ƙarshe, ya baza wutsiya a gaban mai gonar, ya yi kukan nan nasu. Mai gonar yana ƙirgawa da carbi, leɓensa na motsi. Iya ta ce mini cewa ya yi tun rasuwar mahaifinsa bai gan su wuri ɗaya ba.

"Ashirin da biyu," ya ce. "Huɗu fa?"

Na ce, "Sun mutu a hannuna. Biyu kafin in gane yunwa ce, biyu kafin in gane lokacin ba su. Daga nan ko ɗaya bai faɗi ba. Sharaɗinka ashirin da shida ne, ban cika ba. Ba roƙo na zo yi ba. In za ka sa ni a jirgi ka sa ni, amma duk wanda ka ba ɗakin nan ya ciyar da su bayan La'asar in shita ta zo."

Na kama mai ɗingishi na kai masa, na nuna masa inda zai taɓa. Ya sa hannu a ƙirjinta ya ji tsoka. Sannan ya leƙa kwanon, ya ɗebo abin da ke ciki ya murza a yatsu: gurasa, dabino, garin ƙwallo. Ya yi tambaya a hankali. Iya ta juyo gare ni, ta fassara kalma ɗaya-ɗaya, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Wai ina sha'ir ɗin da yake aiko musu duk shita?"

Ban dubi Wakili ba. Na ce, "Ban taɓa riƙe ƙwayarsa ba. Mijina ma bai riƙe ba. Gurasarsa ta yamma ya riƙa ba su."

Iya ta faɗa masa. Ta sake faɗa a kunnen Sitti. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Wakili ya fara magana da sauri, mai gonar ya ɗaga masa hannu. Ba a kore shi ba, ya yi shekaru a gonar bayan wannan, muna wuce juna ba gaisuwa. Amma a ranar, a gabana, mai gonar ya sa ya ciro makullin sito daga ƙugunsa, ya miƙa wa mahaifiyarsa, ita kuma ta miƙo mini. Sannan ya ce in kawo igamata.

Washegari da hantsi na shiga mota zuwa Harami, na zaga ta katangar Baƙi'a inda mata ke tsayawa. Kaburburan ba su da suna, tudu ne da dutse, tudu da dutse, har iyakar gani. Ban san wanne ne nasa ba. Na yi sallama ga dukansu, na yi addu'a, sannan na yi magana da shi ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Malam, ashirin da biyu. Amanarka tana nan, ni ma ina nan. Haƙurinka ne kawai ban gada ba, ka yafe mini."

Na so in daɗe. Amma na bar ƙwallon dabino a jiƙe, ga turmin mutane ban mayar ba. Na share fuskata na nemi motar Ƙuba, kada La'asar ta same ni a hanya.